Na asali ko na maimai: wanne za ka fara kallo a fina-finan tsoro da na sarƙaƙiya?

Fim ɗin soyayya ko na barkwanci, ko ka san ƙarshensa za ka iya sake zama ka ji daɗinsa. Na sarƙaƙiya da na ban tsoro ba haka suke ba, sirrinsu sau ɗaya yake kama mutum. Ranar da ka ga abin da ya fito daga rijiya, ko ka gane munafukin da ke cikin 'yan sanda, shi ke nan, wannan faɗuwar gaban ba za ta sake zuwa ba. Shi ya sa idan labari ɗaya yana da fim biyu, na asali da aka yi a Japan ko Sifaniya ko Denmak, da wanda Amurkawa ko Indiyawa suka sake yi, babbar tambayar ita ce da wanne za ka fara. Wanda ka fara kallo shi zai cinye sirrin, na biyun kuwa sai dai ka kalle shi da idon mai bin diddigi.

Ana yawan cewa na asali ya fi kyau ko yaushe. Ba gaskiya ba ne. Akwai maimaicin da ya tsaya da ƙafarsa, akwai ma wanda ya gyara raunin na farko. Abin da ke raba mai kyau da maras kyau yawanci ba kuɗi ba ne, ba kuma sunan jarumai ba. A duba ko an taɓa ƙarshen labarin, ko an yi bayanin abin da na asali ya bari a duhu da gangan, da kuma ko labarin ya rayu bayan an ɗauke shi daga ƙasarsa an kai shi wata. A nan za a faɗi inda aka sauya ƙarshe, amma ba za a tona yadda aka ƙare ba, sai abin da ya zama dole.

Inda aka taɓa ƙarshe

Babu misalin da ya kai Spoorloos na 1988, wanda George Sluizer ya ba da umarni, daga littafin Tim Krabbé. Rex da Saskia, matasa 'yan Holan, suna tafiya hutu a Faransa, suka tsaya a gidan mai na kan babbar hanya. Ta shiga sayo abin sha, ba ta sake fitowa ba. Shekara uku Rex yana manna hotonta yana nema. Abin da ya sa fim ɗin ya fita daban shi ne tun da wuri ake nuna maka wanda ya ɗauke ta, Raymond, malamin kimiyya mai mata da 'ya'ya biyu, mutumin da ba za ka kalle shi sau biyu a hanya ba. Kana ganin sa yana gwada maganin sa barci a kansa, yana duba agogo yana rubuta mintocin da ya yi a sume, yana maimaita yadda zai buɗe wa mace ƙofar mota ya zagayo ya zauna, yana gwadawa a kan mata yana kasawa yana sake shiri. Babu jini, babu kiɗan razanarwa. Tsoron yana cikin natsuwarsa. Daga ƙarshe ya zo da kansa ya yi wa Rex tayi: idan kana son sanin abin da ya same ta, sai ka yarda a yi maka abin da aka yi mata. Duk fim ɗin an gina shi ne don ka ji cewa kai ma, saboda son sani, da za ka yarda.

A 1993 aka sake yin sa a Amurka da suna The Vanishing, da Jeff Bridges da Kiefer Sutherland da Sandra Bullock, kuma shi dai Sluizer ɗin ne darakta. Kusan kashi biyu cikin uku labarin ɗaya ne. Sai aka ƙara wa sabuwar budurwar jarumin matsayi, ta bi sawu, aka yi faɗa a daji da dare, aka yi ceto. Da zarar an yi ceto, tayin Raymond ya zama wofi, domin nauyinsa dama shi ne babu dawowa. Bridges kuma ya buga mugun da baƙon lafazi da baƙuwar tafiya, ta yadda duk mai hankali zai guje shi tun daga nesa, alhali abin da ke tayar da tsigar jiki a na asali shi ne mutumin ba ya kama da mugu. A nan babu shawara biyu, ka kalli na 1988. Wannan kuma ya isa hujja cewa dawowar darakta ɗaya ba ta tabbatar da komai, idan masu zuba kuɗin sun riga sun yanke cewa sai an fita daga silima da murmushi.

Speak No Evil ya fi wuyar yanke hukunci. Na Denmak ya fito a 2022, na Christian Tafdrup. Wani iyali ɗan Denmak ya haɗu da wani iyali ɗan Holan a hutu a Italiya, daga baya aka gayyace su ƙarshen mako a ƙauye. Masu gidan suna ta yi musu ƙananan abubuwan cin fuska: an san matar ba ta cin nama aka miƙa mata a baki, aka kai su cin abinci aka bar musu biyan kuɗi, ana tsawata wa 'yarsu a gabansu. Su kuma kunya da gudun ɓata wa mai gida rai sun hana su cewa a'a. Har sun gudu da asuba, sai yarinyar ta tuna ta bar 'yar tsanar zomonta, uban ya juya mota. Fim ɗin yana bin wannan kunyar har inda ta kai su, kuma wurin da ta kai su yana da muni ƙwarai, musamman ga mai 'ya'ya. Akwai wanda zai ga baƙin sun yi sanyi fiye da yadda ɗan Adam zai yi, kuma ƙorafin yana da tushe, sai dai wannan sanyin shi ne maganar da daraktan yake son yi.

Na 2024, na James Watkins, ya mayar da baƙin Amurkawa mazauna Landan, masu gidan kuma Turawan Ingila a wata gona. James McAvoy ya yi rawar gani, mutum mai fara'ar da ke juyewa barazana a cikin numfashi ɗaya, kuma sa'ar farko ba ta gaza ta asali ba. Daga nan sai ya koma fim ɗin kare kai: a kulle ƙofa, a nemi makami, a yi ta maza. An yi shi da gwaninta, ba kamar The Vanishing ba, amma ya zama wani fim daban. An kuma rasa abu ɗaya mai daraja: a na Denmak iyalan biyu da Turanci suke magana, harshen da ba na kowa ba a cikinsu, kuma duk lokacin da masu gida suka juya zuwa nasu harshen, baƙin sai kallo. Idan kana son dare mai tayar da hankali wanda za ka iya barci bayansa, ɗauki na 2024. Idan kana son wanda zai zauna maka a rai kwanaki, kuma zuciyarka tana ɗaukar ganin an cutar da yara, na 2022. Mai niyyar kallon duka biyun ya fara da na Denmak, don in ya fara da na McAvoy zai yi ta jiran ramuwar da ba za ta zo ba.

Inda maimaicin ya ba da mamaki

Ringu na Hideo Nakata ya fito a Japan a 1998, daga littafin Koji Suzuki na 1991. Kaset ɗin bidiyo ne, duk wanda ya kalla zai mutu bayan kwana bakwai, sai wata 'yar jarida ta kalla, daga baya ƙaramin ɗanta ma ya kalla. Fim ne mai tafiya a hankali, minti 96, kusan duka bincike ne da shiru da ƙarar ruwa. Yana ajiye ƙarfinsa sai mintocin ƙarshe, inda Sadako, fatalwar da ke bayan kaset ɗin, take fitowa. An ɗauki wannan tafiyar tata ne jarumar tana tafiya da baya, sannan aka juya hoton, shi ya sa gaɓoɓinta suke motsi ta hanyar da ido ya san ba daidai ba ne amma ya kasa faɗin dalili. Fuskarta kuma ba a nunawa, gashi ya rufe, sai ido ɗaya. Rauninsa a fili yake: tsohon mijin 'yar jaridar yana da baiwar ganin abin da ya wuce idan ya taɓa mutum, don haka duk inda bincike ya cije sai a warware shi da wahayi. Wannan gajeriyar hanya ce, kuma ana jin ta.

The Ring na Gore Verbinski, 2002, da Naomi Watts, ya cire wannan baiwar. Rachel, 'yar jaridar da Watts ta buga, sai ta yi aikin da hannunta: ta tsayar da kaset ɗin hoto bayan hoto, ta ja gefen hoton ta gano hasumiyar fitilar teku, ta shiga ma'ajiyar tsofaffin jaridu, ta bi sunan wata mata mai kiwon dawaki har tsibirinsu. Ta fuskar bincike ya fi na asali gamsarwa. An rina hoton duka da launin kore-kore mai sanyi, ruwan sama ba ya ɗaukewa a Seattle, kuma fitowar dokin da ya haukace a cikin jirgin ruwa, wadda babu ita a na Japan, tana cikin mafi kyawun abin da ke fim ɗin. An kashe dala miliyan 48, ya kawo kusan miliyan 249 a duniya, shi ne kuma ya buɗe ƙofar da aka yi ta kwaso fina-finan tsoro na Asiya ana sakewa. Inda ya gaza shi ne daidai inda Ringu ya fi ƙarfi. An nuna fuskar Samara, takwarar Sadako a nan, an ba ta magana da tarihi, kuma fitowarta ta ƙarshe an haɗa ta da aikin kwamfuta ana yankawa zuwa Rachel tana gudu a mota, sai tsoron ya rabu biyu. Mafi muhimmanci dai, bai taɓa ƙarshen ba, mafitar da uwar ta samu tana nan da ɗacinta.

To wanne? Wanda bai saba da fim mai jinkiri ba, ko karanta fassara a ƙasan allo yana gajiyar da shi, ya fara da The Ring ba tare da jin ya yi asara ba. Mai haƙuri ya fara da Ringu, saboda mintoci biyar ɗin nan na ƙarshe sun cancanci a gan su ba tare da an san abin da ke tafe ba.

Haka abin yake, ko kusa da haka, tsakanin Let the Right One In na Suwidin, 2008, na Tomas Alfredson, da Let Me In na Matt Reeves, 2010. Yaro ɗan shekara 12 da ake cin zalinsa a makaranta ya yi abota da sabuwar maƙwabciya wadda ba ta fitowa sai dare, ba ta jin sanyi, jini take sha. Na asali yana Blackeberg, wata unguwa a gefen Stockholm, a farkon shekarun 1980. Kyamara tana tsayawa nesa, kisa yana faruwa a can ƙuryar hoto, dusar ƙanƙara tana haɗiye sauti. Fitowar wurin ninƙaya ta ƙarshe daga ƙarƙashin ruwa aka ɗauke ta, kana tare da yaron da aka danne, abin da ke faruwa a sama sai ɓurɓushinsa kake gani yana faɗowa. Aibinsa ɗaya da kowa ya sani shi ne fitowar kyanwoyin da aka yi da kwamfuta, ba su yi kyau ba ko a wancan lokacin.

Reeves ya kai labarin Los Alamos a jihar New Mexico, 1983, ya cire rukunin maƙwabta mashaya ya sa ɗan sanda guda, labarin ya ƙara tsukewa. Ya kuma ƙirƙiro fitowar da ta fi duk wata takwararta a na asali: dattijon da ke nemo wa yarinyar jini, Richard Jenkins, ya ɓuya a bayan mota, shirin ya lalace, motar ta ƙwace ta wuntsila, kyamara kuma tana ciki ba ta yanke ba. Sai dai ya yi abu biyu da suka rage masa. Idan yarinyar ta kai hari ana mayar da ita dodon kwamfuta mai tsalle-tsalle. Sannan ya nuna wani tsohon hoto da ya bayyana ko wane ne dattijon a da, wato ya amsa tambayar da na Suwidin ya bar wa mai kallo ya kwana da ita. A fara da na Suwidin, amma Let Me In ba ɓata lokaci ba ne, ya fi sunan da ya yi.

Infernal Affairs da The Departed

Nan ne masu kallo suka fi rabuwa. Infernal Affairs, Hong Kong, 2002, na Andrew Lau da Alan Mak: 'yan sanda sun dasa nasu a cikin 'yan daba, 'yan daba sun dasa nasu a cikin 'yan sanda, kowanne aka ba shi aikin gano ɗayan. Minti 101 ne kacal, babu kitse. Ana minti kaɗan da farawa mutanen biyu, Tony Leung da Andy Lau, suka zauna tare a shagon kayan sauti suna sauraron waƙa, babu wanda ya san ɗan'uwansa. Fitowar cinikin ƙwaya ita ce zuciyarsa: Leung, ɗan sandan da ke cikin 'yan daba, yana ƙwanƙwasa saƙon Mos da yatsa, wato rubutun sirri na ƙwanƙwasawa, yana aika wa ubangidansa, Lau yana zaune a cikin 'yan sandan yana tura wa nasa ubangidan gargaɗi, kowane ɓangare ya gane a lokaci guda cewa akwai ɓera a gidansa. Abin da ya ba fim ɗin zurfi shi ne ɗan dabar da ke sanye da kaki ya fara son zama mutumin kirki da gaske, hukuncinsa kuma shi ne ya ci gaba da rayuwa da abin da ya aikata. Rauninsa: waƙar baƙin ciki da maimaita hotunan baya duk lokacin da wani ya mutu, da matan da ba a ba su abin yi ba.

The Departed na Martin Scorsese, 2006, minti 151, ya kai labarin Boston cikin 'yan dabar asalin Ayalan, ya ci Oscar huɗu har da na fim mafi kyau da na darakta. Ƙarin minti hamsin ɗin ya tafi ne wajen gina unguwa, da nuna yadda tsoro ke cin Leonardo DiCaprio har yana haɗiyar ƙwayoyi, da ba Jack Nicholson fili, wani lokaci fiye da kima. An haɗe mata biyu na asali aka mayar da su likita guda wadda duka mazan biyu suke nema, haɗuwar da ta yi yawa a ce tsautsayi ne. Matt Damon kuma, wanda shi ne ɗan dabar da ke sanye da kaki a nan, ba ya neman tuba, tsira kawai yake nema, don haka aka ƙara mutumin da babu shi a na Hong Kong, wanda Mark Wahlberg ya buga, don ya rufe lissafi. Duka biyun manyan fina-finai ne. A fara da na Hong Kong saboda gajere ne, kuma sanin labarin ba ya rage wa The Departed komai, ƙarfinsa a bakin jarumai yake. In aka juya, na Hong Kong zai yi kama da taƙaitawa, alhali ba haka yake ba. A lura da abu biyu: zagi a The Departed ba ya yankewa daga farko har ƙarshe, sannan akwai kwafin Infernal Affairs da aka yi wa wani ƙarshe dabam domin kasuwar ƙasar Sin, inda ake kama mai laifin. Idan naka ya ƙare da kamu a bakin lif, ba shi ne na ainihi ba.

Waɗanda hukuncinsu bai da wahala

REC na Sifaniya, 2007, na Jaume Balagueró da Paco Plaza, minti 78: 'yar jarida da mai kyamararta sun bi 'yan kwana-kwana zuwa wani bene a Barcelona, hukuma ta rufe ginin da su a ciki. Quarantine na 2008 ya kwafe shi kusan ɗauka bayan ɗauka a Los Angeles, amma ya mayar da musabbabin cutar wani nau'in haukan kare, ya zubar da ɓangaren addini da shafar aljanu wanda shi ne ke sa ɗakin saman benen ya zama abin tsoro. Ƙari a kan haka, hoton ƙarshe na fim ɗin shi aka sa a tallansa da fastarsa. Kalli REC, kuma kada ka kalli tallan ɗayan kafin nan.

Den skyldige na Denmak, 2018, na Gustav Möller, minti 85, ɗan sanda ne a ɗakin amsa kiran gaggawa, wata mata ta kira tana nuna kamar da 'yarta take magana don wanda ya ɗauke ta yana kusa. Kyamara ba ta barin ofishin, duk abin da ke faruwa a kunnenka yake, kai ne kake zana shi. The Guilty na 2021, na Antoine Fuqua da Jake Gyllenhaal, ya bi rubutun sosai, ya ƙara gobarar daji a manyan allunan bango da ihu da kuka, ya kuma sassauta wani mummunan labari da ya shafi jariri. Jakob Cedergren na asali a ciki yake tafasa, shi ya sa fashewarsa take da nauyi. Juyin labarin ɗaya ne, saboda haka ɗaya kawai za ka more, ka zaɓi na Denmak.

El secreto de sus ojos na Ajantina, 2009, wanda ya ci Oscar na fim ɗin harshen waje, ya nuna abin da ke faruwa idan aka tumɓuke labari daga ƙasarsa. Kisan 1974 ne, kuma dalilin da ya sa aka saki mai laifin shi ne gwamnatin lokacin tana amfani da irinsa wajen farautar 'yan adawa. Fitowar da ya shigo lif ya zaro bindiga a gaban masu binciken, bai ce uffan ba, tarihin ƙasa ce gaba ɗaya. Maimaicin 2015, da Chiwetel Ejiofor da Julia Roberts da Nicole Kidman, ya maye gurbin wannan da yaƙi da ta'addanci bayan harin 11 ga Satumba, ya mayar da wadda aka kashe 'yar abokiyar aiki. Roberts ta yi ƙoƙari, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Insomnia kuwa duka biyun suna da kyau. Na Norwe, 1997, da Stellan Skarsgård a Tromsø inda rana ba ta faɗuwa da bazara, ɗan sandan ya harbe abokin aikinsa cikin hazo ya ɓoye, kuma mutum ne da ba a neman ka so shi. Na Christopher Nolan, 2002, a Alaska, da Al Pacino da Robin Williams, ya wanke shi kaɗan. Ƙaramin misali ya isa: don ya samu harsashin da zai musanya, na Norwe kare mai rai ya harbe, na Amurka mushen kare ya samu. Mai son fim mai ɗumi da tuba ya ɗauki na Nolan, mai son mai sanyi ya ɗauki na farko.

Oldboy na Park Chan-wook, Koriya ta Kudu, 2003, mutumin da aka kulle shekara 15 ba a gaya masa dalili ba, shi ne zaɓi, ba na Spike Lee na 2013 ba, wanda kamfani ya datse shi zuwa minti 104. Sai dai a sani, sirrin labarin ya shafi abin da ya haramta tsakanin jini ɗaya, ga cire haƙori da guduma, ga tsiraici. Ba na kallo da iyali ba ne ko kusa, kuma ba kowane babba ne zai so shi ba.

Ba Amurka kaɗai ke maimai ba

Contratiempo na Oriol Paulo, Sifaniya, attajiri ne aka samu a ɗakin otal a kulle da gawar farkarsa, lauya ta zo tana da sa'o'i uku ta tatsi gaskiya daga bakinsa. Badla na Sujoy Ghosh, 2019, ya juya jinsi: Taapsee Pannu ce ake tuhuma, Amitabh Bachchan ne lauya, labarin kuma a Sikotilan. An yi shi da kyau, tattaunawar mutum biyun tana riƙe mai kallo. Amma matakan juyin iri ɗaya ne, wanda ya ga ɗaya ya ga ɗayan. Na Sifaniya ya fi tsukewa, mai son Bachchan kuma ba zai yi nadama ba.

Drishyam ya fara ne da harshen Malayalam na kudancin Indiya a 2013, na Jeethu Joseph da Mohanlal: mai sana'ar haɗa tashoshin talabijin, wanda bai wuce aji huɗu ba, yana kare iyalinsa daga 'yan sanda da dabarun da ya koya a kallon fim, yana dasa wa shaidu ranar da ba ita ba a ƙwaƙwalwarsu ta hanyar maimaita musu labari. Na Hindi, 2015, da Ajay Devgn da Tabu a Goa, ya riƙe komai har ƙarshe, ya ɗan fi sauri a farko. Mohanlal ya fi kama da talakan da ba za a zarga ba, Tabu kuma ta fi ban tsoro a matsayin uwa mai kaki. Ko wanne ka samu ya yi. Wanda za a ajiye sai daga baya shi ne na ƙasar Sin, Sheep Without a Shepherd, 2019, wanda aka kai labarinsa Tailan aka kuma sauya ƙarshen.

Kafin ka danna

Sunaye suna ruɗarwa. Ana sayar da Spoorloos da sunan The Vanishing, daidai da maimaicinsa, ga kuma wani The Vanishing na 2018 a kan masu gadin fitilar teku wanda ba shi da alaƙa da su. Speak No Evil, Insomnia, Oldboy da The Guilty, wanda shi ne kuma sunan Den skyldige da Turanci, duk suna ɗaya ne fim biyu. Shekara da sunan darakta za ka duba, kada ka dogara da hoton fasta.

Idan akwai zaɓi tsakanin rubutacciyar fassara da murya da aka ɗora, ɗauki rubutun. A fim irin Den skyldige numfashin mai kira da rawar muryarta su ne rabin labarin, ɗora wata murya yana kashe su. Fassarar ma ba duka ɗaya ba ce: faifan farko na Let the Right One In da aka fitar a Amurka a 2009 ya zo da fassarar da aka taƙaita har ta zubar da ma'anar wasu maganganu, sai da masu kallo suka yi ƙorafi aka dawo da ta silima, kuma taƙaitacciyar tana yawo har yanzu. Idan ka ga mutum ya yi doguwar magana an rubuta kalma biyu, nemi wata. Idan rubutun yana riga magana ko yana makara, yawancin manhajojin kallo suna da wurin matsar da shi gaba ko baya da daƙiƙa.

Ringu da REC da Let the Right One In fina-finan duhu ne da ƙananan sauti. A allon waya da rana, baƙin hoton yana dunƙulewa, mintocin ƙarshe na REC, da aka ɗauka da hasken ganin dare na kyamara, sai su zama kore da baƙi kawai ba ka gane komai. Kashe fitila, sa abin ji a kunne, ka rage hasken ɗaki maimakon ƙara na allo, domin ƙara hasken allo yana mayar da baƙi toka-toka ya tona abin da aka so ya ɓuya. Kwafin da aka matse shi ya yi ƙanƙanta ma a wurin duhu yake fara lalacewa, don haka a irin waɗannan ukun ya fi kyau a nemi mai nauyi ko da zai ɗauki lokaci kafin ya sauka.